Rakiya Mai Ƙafa Huɗu

Tun da aka ba da hutun makaranta gidan nan bai huta ba. Jikata Hafsatu ta zo daga Zariya da wata 'yar kyanwa a cikin kwali, mai ruwan ƙasa, kunnuwanta sun fi kanta girma, kuma wai abin da ya hana yarinyar nan sukuni shi ne har yanzu ba a raɗa wa kyanwar suna ba. Tana zaune a kan tabarmata ta miƙe ƙafa, tana shafa waya da ɗan yatsa tana karanto min sunaye, wasu ko za a ba ni Hunkuyi da kasuwarta ba zan iya maimaita su ba. Na ce, "Ke ƙawata, wayar ce za ta yanka ragon sunan?" Ta ce, "Kai, Kaka, ke dai ba ki waye ba." To, ban waye ba ɗin. Ana cikin haka sai uwarta ta leƙo daga kicin ta ƙwala mata kira, "Hafsatu! Hafsa! Zo ki ɗauki abincinki, 'yar albarka." Sunan 'yar fari ke nan garau, a tsakar gida, a gaban uwar miji, ko gezau ba ta yi ba. Ba laifinta na gani ba, wallahi. Ni dai sai na ajiye zogalen da nake tsinkewa, hankalina ya tafi wani gida da yanzu ko tubalinsa babu.

Ƙauyenmu yana bayan Hunkuyi ne, a bakin fadama, kuma duk inda ka juya rake ne. In damina ta ɗauke aka shiga matsa, ba zakara ke tashe mu ba, kukan injin matse rake ne, wanda wani tsohon doki ke ja yana zagaye, ƙiii, ƙiii, tun kafin rana ta yi zafi. Maza na tura kara a bakin injin, ruwan na zuba, a kwashe a dafa a manyan kasake har ya yi kauri, a zuba a 'yan kwanuka ya daskare ya zama mazarƙwaila. Ƙamshin nan yana shiga tufafi, yana shiga gashin kai, har tuwo in ka ci sai ka ji kamar da shi aka tuƙa. A cikin gida kuma luguden mata ne, da ƙarar guga tana bugun bangon rijiya, da mazarin kakata Iya yana juyawa a kan 'yar fatarta. Yanzu injin fetur ke yin komai, ya yi ta ihu ya gama a yini ɗaya, ba ka sanin gidan wa ake daka balle ka gane hannun wa ke kan taɓarya. Mu a da, daga bakin rijiya nake gane dakan mahaifiyata, don ita takan ɗan jinkirta kafin ta sauke taɓarya.

Ni ce 'yar farin Inna. Yaran yanzu sai an yi musu bayani, don haka bari in yi. A zamaninmu mace ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, ba ta ɗaukarsa a gaban mutane, ba ta yi masa wasa, ba ta nuna ta san da zamansa. Kunya ce, kuma da ita ake auna tarbiyyar mace. Inna kuwa ta kai abin maƙura. Sunana Rakiya, to ba sunan kaɗai ta bari ba, har duk kalmar da ta yi kama da shi. In baƙuwa za ta tafi, Inna ba ta cewa za ta yi mata rakiya, sai ta ce, "Bari in taka miki." Mu da muke zaune a tsakiyar rake, muna ci muna sha da shi, matar nan ban taɓa jin ta ce rake ba, sai dai "karan nan mai zaƙi." Ni kuwa sunana a bakinta "ke," in ba na wurin kuma "waccan." A ɗakin Iya nake kwana, Iya ke min kitso, Iya ke duba ni in jikina ya yi zafi. Ƙanena Sule, da yake shi na biyu ne, sunansa ba ya barin bakin Inna: Sule zo, Sule ci, Sule wa ya taɓa ka. Har goya shi take yi ƙafafunsa na jan ƙasa, ƙaton banza. Na san al'ada ce, kowa ya gaya min al'ada ce, amma yarinya ƙarama ina ruwanta da al'ada? Abin yana ci na, kuma ba ni da wanda zan gaya wa.

Abin da ya ƙara hura min wutar shi ne maƙwabciyarmu. Akwai wani malamin asibiti da aka turo yankinmu, Kirista, mutumin kudancin Zazzau, ya kama haya a bayan gidanmu da iyalinsa. Matarsa mace ce mai fara'a da yawan dariya, tana shigowa wurin Inna koyon dambu, Inna kuma na karɓar gishirin Ingila a wurinta. Da sunan ɗan farinta ma ake kiranta, Maman Istifanus, kuma ta amsa da ƙarfinta. Na sha leƙawa ta danga in ga ta ɗora yaron a cinya, yaron da ya kusa kai ni tsawo, tana cewa, "Istifanus ɗana, Istifanus babana." Sai in koma bayan rumbu in zauna ina tsinke ciyawa. Wata rana na tambayi Iya, na ce, "Iya, su ba su da kunya ne?" Ta ce, "Suna da tasu, ba irin tamu ba ce. Ki tashi ki ba awaki dusa."

To, daga gidan matar nan kyanwar ta fito. Ɓeraye sun dame mu a rumbu, tata kuma ta haihu, sai ga ta da safe da 'yar jaririyar kyanwa a cikin zane. Launinta sak na mazarƙwailar da ta ɗan ƙone a gindin kasko, ba ja ba, ba baƙi ba, da ɗan fari a haɓa. Ta sauke ta a tsakar gida ta ce, "Ga ta nan, Innar Sule, mace ce, uwarta gwanar kamu ce. Amma fa sai ku ba ta suna, mu a gidanmu har kaza tana da suna." Iya ta kwashe da dariya har mazarinta ya faɗi. Ta ce, "Yau na ji ikon Allah. Kyanwa ai kyanwa ce, a ce mus-mus ta zo, a ce cas ta tafi." Amma mu yara mun riga mun ji, maganar ba ta koma ba. Sule ya ce Mazarƙwaila. 'Ya'yan baffana suka ce Jar Kanwa, wani ya ce Ƙanzo. Aka yi ta musu har aka kusa dambe. Ni kuwa wani abu daban nake kallo. Inna, wadda ban taɓa gani ta yi wa wani abu wasa a gabana ba in ba Sule ba, ta durƙusa ta zuba wa kyanwar nono a sakaina, tana shafa bayanta da yatsa biyu, tana magana ƙasa-ƙasa, "Sha mana, 'yar ƙarama, sha, an raba ki da uwarki ko?" Muryar nan ban san tana da ita ba. A nan dabarar ta faɗo min.

Na bari aka kwana biyu. Kyanwar tana da wani hali, duk wanda zai fita sai ta bi shi har zaure, ta tsaya a bakin ƙofa ta ga tafiyarsa sannan ta dawo. Rannan muna zaune da hantsi ana tsinkar gyaɗa, ta raka mai tallan nono ta dawo, sai na ce da ƙarfi, "Na samo mata suna. 'Yar Rakiya." Iya ta ce, "A'uzu billahi! Sunan 'yar Manzon Allah za ki liƙa wa dabba?" Na ce, "Ba sunan ba ne, Iya. Ba ki ga rakiyar baƙi take yi ba? Aikinta na faɗa." Iya ta ajiye gyaɗar hannunta ta zuba min ido. Ta daɗe tana kallona, ta waiga ta kalli Inna da ke tankaɗe ta ba mu baya, ta sake dawowa kaina. Sai ta matso ta ja kunnena, ba da zafi ba, ta raɗa min, "Ja'ira. Uwarki kika ɗana wa tarko." Sannan ta ɗaga murya ta ce, "To, in dai rakiyar baƙi ce, ba ta taɓa addini ba. Ku je ku ƙarata." Allah Ya jiƙan Iya, Ya haskaka kabarinta. Da ta ce a'a a ranar, da shi ke nan.

Daga nan na duƙufa. Duk ƙanzon da na kankare, duk kan busasshen kifin da na samu a miya, ba na ci, sai in ɓoye a bakin zane in je bayan rumbu in kira sunan in ba ta. In wani ya ce mus-mus sai in riƙe ta kar ta je. Yara kuma ba sa son dogon suna, kafin wata ya ƙare "'Yar" ta faɗi a hanya, ya rage Rakiya kawai. Kyanwar nan ta zama ba ta amsa komai sai shi. Gida ya rikice: a kira ɗaya biyu su zo. Baba da kansa in ya shigo yakan yi murmushi ya ce, "Wacce a ciki ta ɓarar min da fura?" Ni kuwa na kasa kunne ina jira. Lissafina shi ne, Inna na son kyanwar, kyanwar ba ta zuwa sai an kira sunanta, to ko ba jima ko ba daɗe sai bakin Inna ya suɓuce. Ko sau ɗaya ne ina so in ji yadda sunana yake a muryarta, ko da ba da ni take ba.

Ashe ban san wadda ta haife ni ba. Inna ta ɗauki ludayi ta ƙwanƙwasa gefen ƙwarya, ƙwas-ƙwas, ta zuba nono, kyanwa ta sheƙo a guje. Shi ke nan ta samu nata kiran. In ƙwaryar ba ta kusa sai ta ce, "Sule, kira min waccan." Sule kuwa, ɗan nema, sai ya ce, "Wacce, Inna? Mai ƙafa biyu ko mai ƙafa huɗu?" Ta ce, "Mai ƙafa huɗun, don gidanku," tana danne dariya. Kyanwar ta girma ta yi sheƙi, ta share ɓerayen rumbu tas, tana kwana a ƙafafun Inna, tana zama a gefen murhu Inna na yi mata hira kamar mutum. "Kin ga hadarin nan kuwa? Anya zai bar mu mu sha iska?" Komai tana gaya mata, amma sunan ko da kuskure. Rani ya wuce, damina ta wuce, aka sake ɗaura doki a inji. Na gaji na haƙura. Har na fara jin haushin kyanwar, don na ga na ba ta sunana ta kuma ƙwace min abin da nake nema. Na ce a raina, to, ashe ba kunya ba ce kawai, matar nan ba ta damu da ni ba ne.

Nakan kalli matan yanzu in yi ta mamaki. Komai a baki yake: ina son ki, na yi kewarki, har a waya ana aika wa juna hoton zuciya. Ban ce ba kyau ba, yaro ya ji da kunnensa ai daɗi ne, kuma Hafsatu ba za ta taɓa zama bayan rumbu tana tsinke ciyawa ba, alhamdu lillahi. Amma mu an yi mana abin ne a rufe, sai ka girma kake gano inda aka ɓoye maka shi. Tsokar da nake tsinta a ƙasan tuwona, ni a zatona Iya ce ke sawa. Zanen sallah da ya fi na kowa kyau, a ce wai Baba ne ya zaɓa, Baban da bai san bambancin atamfa da buhu ba. Ni kaina da na haifi ɗan farina, uban Hafsatu, ban iya faɗin sunansa ba, har yau da furfurarsa "wannan" nake ce masa, yana dariya yana cewa in shigo zamani. Bakin ne ba ya buɗuwa. Amma a wancan lokacin ban san ko ɗaya daga cikin wannan ba.

A cikin matsar raken shekarar ne Goggo ta zo daga Gubuchi. Yayar Baba ce, 'ya'yanta duk sun yi aure sun bar ta ita kaɗai, ta ce a ba ta ni riƙo in riƙa ɗebe mata kewa. Ba abin mamaki ba ne a lokacin, kusan kowane gida akwai ɗan riƙo, kuma Goggo mutuniyar kirki ce, ta riƙe ni da amana har Allah Ya yi mata rasuwa. Baba ya amsa, Iya ta yi 'yan ƙorafe-ƙorafenta ta amsa. Inna ba a ma tambaye ta ba, don uwa ba ta da baki a kan 'yar fari, in ta nuna ba ta so ma abin gori ne har jikoki. Gubuchi yanzu yaro zai hau mashin ya je ya dawo kafin a sauke tukunya, amma a lokacin wata duniya ce, sai a shekara ba a ga juna ba. Ina ta satar kallon Inna ko zan ga wani abu a fuskarta. Ba komai. Ta wanke min tufafi, ta ɗaure su a ƙullin zane, ta sa mazarƙwaila da ƙuli-ƙuli, duk ba ta ce uffan ba.

Da safe bayan an karya aka ɗora kaya a jakin da Goggo ta zo da shi. Iya ta rungume ni tana kuka tana zagina, Sule na tambaya ko zan bar masa tabarmata. Maman Istifanus ta leƙo ta danga ta ce Allah Ya kiyaye hanya. Na je ƙofar madafa na durƙusa na ce, "Inna, zan tafi." Tana fifita wuta, ba ta juyo ba. Ta ce, "To. A yi ta haƙuri, a bi na gaba." Ko "ki" ba ta ce ba. Na tashi na fita.

Mun wuce zaure, mun wuce wurin injin, mun shiga 'yar siririyar hanyar da ta ratsa cikin rake, Goggo a gaba tana jan jaki, ni a baya ina sharar hawaye da gefen mayafi. Sai na ji wani abu na shafar ƙafata. Kyanwar ce. Ita da ba ta taɓa wuce bakin zaure ba, yau ta biyo ni har fadama. Na kore ta, ta ƙi. Goggo ta ce, "Rabu da ita, in ta gaji ta koma." Muka ci gaba, ganyen rake na kaɗawa ta ko'ina, kukan injin na raguwa a bayanmu.

Can sai na ji murya daga nesa.

"Rakiya!"

Na tsaya cak. Na san muryar, amma ban san ta da wannan kalmar ba.

"Rakiya! Rakiya, tsaya mana!"

Sai ga Inna ta ɓullo daga kwanar rake. Inna da ba ta fita da rana sai haihuwa ko mutuwa, ga ta ba takalmi, mayafi a karkace, hannunta duk toka, tana haki. Babu ƙwarya a hannunta, babu ludayi. Goggo ta dube ta, ta dube ni, sai ta juya ta kama gyaran igiyar kayan jaki, igiyar da ba abin da ya same ta.

Inna ba ta kalle ni ba. Ta zo har gabana, kusa da ni sosai har ina jin ƙamshin hayaƙi a jikinta, ta sunkuya ta ɗauki kyanwar ta rungume a ƙirji. Da kyanwar take magana, idonta a kan kyanwar.

"Rakiya, haka ake yi? Ki kama hanya ki tafi ki bar ni? Ke ba ki san in ba kya cikin gidan nan abinci ba ya wuce min ba?" Ta shafa kanta, ta sake shafawa. "Rakiya tawa. Tun ranar da kika zo gidan nan ban taɓa kwana ban duba ki ba. Duk inda kike ki ci abinci, kin ji? Kar ki zauna da yunwa don kunya. Allah Ya yi miki albarka, Rakiya. Allah Ya yi miki albarka."

Hawayenta na ɗiga a bayan kyanwar. Ni kuwa ban taɓa sanin sunana yana da daɗi haka ba. Ta ja ƙarshensa a hankali, kamar ta daɗe tana faɗinsa a inda ba mai ji.

Goggo ta yi gyaran murya, ba ta juyo ba ta ce, "Innar Sule, kin samu kyanwar taki?"

Inna ta goge fuska da bayan hannu ta ce, "Na same ta, Yaya. Ku sauka lafiya."

Ni ce na amsa, ba Goggo ba. Na ce, "Amin, Inna. Na ji."

Ta ɗan tsaya jim, ta gyaɗa kai sau ɗaya, ta juya ta shige cikin rake da kyanwar a kafaɗa. Daga ranar har ta koma ga Mahaliccinta ba ta sake faɗi ba, ni kuma ban sake nema ba. Wanda na samu ya ishe ni har yau, na gode wa Allah, na gode mata.